Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Haƙƙin Mallaka a Zamanin Kallon Intanet

1.0 Gabatarwa

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, da wuya a ratsa tashar mota ko bakin kasuwa ba a ga wani matashi zaune a cikin ɗan shago da kwamfuta a gabansa ba, jama'a na miƙa masa wayoyinsu yana tura musu fina-finai da waƙoƙi suna biyan sa. Haka kuma da wuya a shiga ɗakin kwanan ɗalibai da daddare ba a tarar da wasu sun duƙufa a kan waya suna kallon sabon kashi na wani fim mai dogon zango da aka saki a YouTube ba. Idan aka tambayi waɗannan masu kallo nawa suka ba wanda ya shirya fim ɗin, amsar da aka fi samu ita ce, ai kyauta ne.

Ra'ayin da wannan muƙala ta ginu a kansa shi ne, kalmar "kyauta" a nan ruɗi ce. Mai kallon fim ɗin Hausa bai taɓa daina biya ba tun daga zamanin kaset har zuwa yau. Abin da ke sauyawa shi ne aljihun da kuɗin ke faɗawa, kuma a kowane zamani aljihun mai fasaha ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta. Saboda haka kame da ƙone faya-fayai kaɗai ba za su warware matsalar ba, sai an gyara hanyar da kuɗin ke bi, an kuma gyara tunanin masu biya. Gyaran tunani kuwa aikin malami ne, shi ya sa batun ya shafi ɗalibin da ke shirin riƙe alli fiye da yadda yake zato.

2.0 Ma'anar Haƙƙin Mallaka da Asalinsa

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri wani aikin fasaha, kamar littafi ko waƙa ko zane ko fim, na hana kowa kwafar aikin ko rarraba shi ko nuna shi ga jama'a ko fassara shi sai da izininsa. Abin da doka ke karewa shi ne siffar da aka fitar da tunani a cikinta, tunanin kansa kuwa na kowa ne. Alal misali, jigon zaman kishi ba mallakar wani marubuci ba ne, amma taurarin da wata marubuciya ta gina da kalmomin da ta jera domin isar da wannan jigo nata ne.

Dokar farko ta wannan fanni an kafa ta ne a Ingila a shekarar 1710, bayan na'urar ɗab'i ta sauƙaƙa kwafar littattafai, kuma ta ba marubucin sabon littafi kariya ta shekara 14. A 1886 wasu ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Berne domin kowace ƙasa ta kare ayyukan marubutan sauran, Nijeriya kuma ta shiga wannan yarjejeniya a 1993. A cikin gida, dokar 1988 ce ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka wadda ta fara aiki a 1989, sannan aka maye gurbin dokar da wata sabuwa ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023.

Ganin wannan tarihi ne ya sa wasu ke cewa haƙƙin mallaka baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Nazarin adabin Hausa bai goyi bayan wannan magana ba. Marubuta waƙoƙin ajami sun saba ambaton sunansu a baitocin ƙarshe, wasu ma har da shekarar da suka yi waƙar ta hanyar ramzi. Masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunan mawallafi kafin su rubuta nasu. Makaɗin fada yana samun riga da doki da gona daga ubangidansa, makaɗin jama'a kuma ana yi masa kari a filin wasa. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin ginshiƙai biyu na wannan haƙƙi, wato suna da lada. Abin da ya zo sabo shi ne na'urar da ke raba aiki da mai shi. A da, wanda ke son jin Alhaji Mamman Shata sai ya je inda Shata yake ko ya gayyato shi. Da rikoda ta zo, sai ya zama ana iya jin Shata a gari ɗari a dare ɗaya ba tare da ya sani ba. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta su ba.

3.0 Daga Kwali Zuwa Waya

Masana sun fi ɗaukar Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a matsayin mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo da aka yi domin kasuwa. Kafin ƙarshen wannan shekaru goma sana'ar ta bunƙasa har ta samu mujallu nata, irin su Tauraruwa, inda aka fara amfani da sunan Kannywood, da kuma mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999. Abin lura shi ne, kasuwar da ta ɗauki wannan sana'a ba domin ita aka gina ta ba. Kamar yadda binciken Brian Larkin ya nuna, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun riga sun mallaki na'urorin kwafa da dillalai a garuruwa daban-daban tun suna kwafar fina-finan Indiya da na Amurka ba da izini ba, a kan wannan turba kuma fim ɗin Hausa ya hau.

Tsarin cinikin wancan lokaci ya cancanci a yi masa duba na tsanaki. Mai shirya fim yakan buga kwalayen kaset masu ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya sayar wa ɗan kasuwa tare da ba shi uwar kaset. Ɗan kasuwa shi ke sayen kaset maras komai, ya kwafa, ya saka a kwali ya sayar. Wato haƙƙin mai fim a jikin kwali yake, yawan kwalin da ya sayar shi ne yawan abin da zai samu. Tsarin yana da rauni, domin ana iya buga kwalin jabu, ana kuma iya riƙe wa mai fim kuɗinsa, amma duk da haka akwai abin da ake ƙirgawa. Da faifan VCD da na DVD suka maye gurbin kaset, kwafa ta ƙara sauri da araha, satar fasaha ta ƙaru, amma har a lokacin ɓarawo yana bukatar faifai da na'ura da wurin ajiya, abubuwan da hukuma za ta iya kamawa.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru ta tashi daga abin kira zuwa abin kallo. Da katin memori ya yi araha, fim ya rabu da jiki gaba ɗaya, ya koma abin da ake turawa daga kwamfuta zuwa waya, daga waya zuwa waya, ba tare da ya ragu ko ya dushe ba. Daga nan sana'ar masu tura fina-finai ta kafu. Mutum ɗaya zai sayi faifai ɗaya, kafin magariba ya tura wa mutum ɗari, kowannensu ya biya shi. Kasuwar faifai ta durƙushe, shagunan da suka yi suna da sayar da fim suka koma sayar da wasu kayayyaki, masu shirya fim da yawa suka bar sana'ar. Mai kallo dai ya ci gaba da zaro kuɗi daga aljihunsa kamar da, sai dai kuɗin ya daina wuce shagon mai turi.

4.0 Kallo ta Intanet: An Gudu Ba a Tsira Ba

Kallo ta intanet ya bambanta da turi ta fuska ɗaya muhimmiya. Fim ɗin yana ajiye ne a manyan kwamfutocin wani kamfani, yana kwararowa cikin wayar mai kallo kaɗan-kaɗan yayin da yake kallo, don haka kamfanin ya san adadin waɗanda suka kalla da tsawon lokacin da suka ɗauka. Wannan ya dawo da abin da aka rasa tun zamanin kwali, wato ƙirge. An kafa YouTube a 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006, amma sai wajen 2020, lokacin kullen annobar korona, ya zama babbar kasuwar fim ɗin Hausa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta riga ta saba wa masu kallo da wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, sannan fina-finai irin su Izzar So da Labarina suka tabbatar da cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a intanet mako-mako.

Babu shakka wannan ci gaba ne. Mai shirya fim ya huta da bin bashin kwali, fim ɗinsa yana isa Yamai da Kumasi da Jidda a sa'a ɗaya, matashin da ba shi da ubangida a masana'antar kuma yana iya buɗe tasharsa. Sai dai ya kamata a bi sawun kuɗin kafin a yi murna. Mai kallo yana sayen data daga kamfanin sadarwa, wannan shi ne biya na farko kuma mafi girma, ko sisi daga cikinsa ba ya zuwa ga mai fim. Biya na biyu shi ne hankalinsa, wanda YouTube ke sayar wa masu talla. Daga kuɗin tallar da aka saka a dogayen bidiyoyi, mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100, kamfani ya riƙe 45, wannan ma sai tashar ta cika sharuɗɗa, daga ciki har da tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Bugu da ƙari, farashin talla ya danganta ne da ƙasar da mai kallo yake. Masu talla suna biyan kuɗi mai yawa domin mai kallo na Amurka ko Ingila, suna biyan kaɗan domin na Nijeriya ko Nijar, inda mafi yawan masu jin Hausa suke. Sakamakon haka, fim zai iya samun masu kallo masu ɗimbin yawa amma abin da ya shigo bai wuce kuɗin da aka kashe ba, har sai an cusa tallar magani ko ta fili a tsakiyar labari.

Wannan tsari yana taɓa fasahar kanta. Tun da tsawon kallo ne ke kawo kuɗi, labarin da ya kamata ya ƙare a kashi goma sai a ja shi zuwa zango biyar. Tun da latsawa ce ke jawo masu kallo, sai a riƙa sanya kanu da hotunan da ba su dace da abin da ke ciki ba. Har ila yau satar ba ta ƙare ba, ta sake kama ne kawai: wasu tasoshi suna ɗauko fim ɗin wani su sake masa suna su ɗora, wasu suna karanta littattafan marubuta da murya kashi-kashi suna karɓar kuɗin talla, littafin da marubuciya ta shafe watanni tana rubutawa kuma yana yawo a zaurukan WhatsApp kwana ɗaya bayan fitarsa. YouTube yana da na'urar gano kwafi da hanyar kai ƙara, amma cin moriyarsu yana bukatar sanin ƙa'idojin kamfanin, abin da ƙananan masu fasaha da yawa ba su da shi.

Dogaro da manyan kamfanonin waje na biyan kuɗin wata-wata ma ba mafita ba ce tabbatacciya. Netflix ya fara aiki a Nijeriya a 2016, amma fina-finan Hausa da ya ɗauka 'yan ƙalilan ne. A farkon 2024 kamfanin Amazon ya daina zuba kuɗi a shirya sababbin fina-finansa a Afirka, bisa lissafin ribarsa. Wanda ya yi gini a filin aro, ranar da mai fili ya sauya shawara sai ya kwashe kayansa.

5.0 Hujjojin Ɗaya Ɓangaren

Adalci ya wajabta a saurari masu ganin cewa ana zuzuta batun. Hujjarsu ta farko ita ce talauci: mutumin da ke fafutukar abincin yini ba za a ɗora masa kuɗin kallo ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa duk tsarin da ya tsawwala farashi zai faɗi. Amma ta manta cewa talakan yana biya tun tuni. Wanda ya iya biyan mai turi ko ya sayi data ya nuna cewa yana da abin bayarwa, tambayar ita ce me zai hana wani yanki na wannan kuɗi ya isa ga marubucin labarin da mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti, waɗanda su ma talakawa ne.

Hujja ta biyu ita ce, yaɗuwar aiki talla ce ga mai shi. Wannan gaskiya ne ga mawaƙin da za a gayyata biki ko taron siyasa saboda waƙarsa ta zaga, da kuma jarumin da kamfanoni za su ɗauka talla. Marubuci da mai tace hoto ba su da dandalin da za su je su karɓi kari. Kuma ko da yaɗuwar tana da amfani, mai aikin ne ya kamata ya zaɓi ya bayar kyauta, domin kyautar da aka yi da kayan wani ba kyauta ba ce.

Hujja ta uku ita ce mafi ɗaci, wato masu kukan sata su ma suna yi. Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu masana sun yi rubuce-rubuce a kan yadda fina-finan Hausa da dama suka ɗauko labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya, abin da 'yan masana'antar da kansu suke kira wankiya. Haka nan ana fassara fina-finan ƙasashen waje zuwa Hausa ana sayarwa, alhali fassara tana cikin abubuwan da doka ta ce sai da izini. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Wannan hujja ba ta halatta sata ba, amma ta nuna cewa gyaran dole ya haɗa da masu fasahar, domin wanda bai girmama haƙƙin wani ba zai sha wuyar shawo kan jama'a su girmama nasa.

6.0 Doka da Manufofin Hukuma

Dokar 2022 ta zo da tanade-tanaden da suka dace da zamani. Ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da kayan sata a intanet sanarwa domin ya sauke su, ta ba hukuma ikon toshe hanyar kaiwa ga irin waɗannan kaya, ta kuma haramta karya makullan da ake sanya wa ayyuka domin hana kwafa. Aikin adabi da na kiɗa suna samun kariya tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, fim kuma shekara 50 daga fitarsa. Kariyar tana samuwa da zarar an kammala aikin a rubuce ko a naɗe, ba sai an yi rajista ba, ko da yake rajista tana taimakawa wajen kafa hujja. Matsalar ita ce, doka a takarda ba ta kai kanta kasuwa. Kaɗan ne daga marubuta da masu shirya fim suka san abin da ta ƙunsa, kuma har yanzu ana ƙulla ciniki da yawa da fatar baki, ba tare da rubuta wanda ya mallaki labari ko waƙar da ke cikin fim ba.

Idan aka dubi inda hukumomi suka fi karkata ƙarfinsu, za a ga sun fi damuwa da abin da ake faɗa a kan wanda ake cuta. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda sakin su ba tare da an kai mata ta tace ba. A mataki na tarayya, gwamnati ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. Kula da tarbiyya aiki ne da al'umma ke da haƙƙin nema daga hukuma, amma cin gumin wani ma ɓarnar tarbiyya ce, kuma ya dace ta samu irin wannan kulawa. Sannan rufe kafa gaba ɗaya yana cutar da mai gaskiya tare da mai laifi, musamman yanzu da kafafen suka zama kasuwar dubban matasa. Farashin data shi ma manufa ce ta al'adu: lokacin da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, kowane mai kallo ya ƙara samun dalilin komawa wurin mai turi.

Akwai darasi a abin da ya faru da kasuwar waƙa a ƙasashen Turai da Amurka, inda aka riga aka bi wannan hanya. Manhajar Napster, wadda ta ba mutane damar musayar waƙoƙi kyauta daga 1999, kotu ta durƙusar da ita a 2001, amma satar ta ci gaba ta wasu kafofi. Abin da ya rage ta shi ne zuwan hanyoyin halal masu sauƙi da araha, kamar kantin iTunes a 2003 da Spotify a 2008. A ƙasar Hausa an yi yunƙuri irin wannan, misali Northflix da aka kafa a 2019. Domin irin wannan yunƙuri ya yi nasara, wajibi ne biya ya yi sauƙi kamar sayen katin waya, farashi ya yi kusa da na mai turi, a kuma ba mutum damar sauke fim ya kalla ba tare da data ba. Su kansu masu turi, da ke da shago a kowace unguwa kuma suka san abin da jama'a ke so, ya fi amfani a mayar da su dillalai masu lasisi da ke biyan kaso, a kan a riƙa farautar su ana barin bukatar da ta haife su.

7.0 Matsayin Malami

Malami yana tsakiyar wannan batu ta fuska uku. Ta farko, shi mai amfani ne da ayyukan wasu. Doka ta yi sassauci domin ilimi da bincike da sharhi: an yarda a ɗauko ɗan yanki na aiki domin koyarwa, tare da ambaton mai shi. Ɗauko sakin layi biyu daga Magana Jari Ce domin koyar da salo abu ne da ya dace. Kwafe littafin dungurungum a raba wa aji, ko a haɗa babi-babi na littattafan wasu a sayar a matsayin takardun darasi, ya wuce gona da iri. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka bisa lissafin shekara 70 kariyar ayyukansa ba za ta ƙare ba sai ƙarshen 2051. Kowane kwafin jabu da makaranta ta saya yana rage wa kamfanin ɗab'i ƙwarin gwiwar sake buga littafin, daga ƙarshe a wayi gari littattafan Hausa sun ɓace daga kasuwa, malamin ne kuma zai fara kuka.

Ta biyu, malami mai tarbiyya ne. Yaron da aka bari ya kwafo aikin gida daga intanet ya sa sunansa, aka kuma ba shi maki, an koya masa cewa gumin wani ba shi da mai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun daga firamare ana iya saba wa yara da faɗin wanda ya rubuta labarin da suka karanta, da wanda ya yi waƙar da suka rera, da kuma wurin kakar da suka ji tatsuniyar da suka kawo aji. A sakandare ana iya ba ɗalibai aikin bin sawun fim ɗaya, su lissafa mutanen da suka yi aiki a cikinsa daga sunayen da ke fitowa a ƙarshe, su tattauna yadda kowannensu ke samun ladansa. Darasi irin wannan yana koyar da adabi da ɗa'a a lokaci guda.

Ta uku, malami mai ƙirƙira ne. Malamai da yawa suna rubuta littattafai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo, wasu suna ɗora darussa a intanet. Wanda ya san haƙƙinsa zai rubuta yarjejeniya kafin ya miƙa labarinsa ga mai shirya fim, zai bambance tsakanin sayar da aiki gaba ɗaya da ba da izinin amfani da shi na wani lokaci, zai kuma ajiye kwafin aikinsa a wurin da ba ya hannun wani kamfani. Idan ya ga dama ya ba da aikinsa kyauta domin amfanin ɗalibai, wannan sadaka ce mai lada, kuma ta zama sadaka ne saboda shi ya bayar da hannunsa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa mazubin fasahar Hausa ya sauya daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa memori, daga memori zuwa intanet, kuma a kowane mataki mai kallo ya biya, amma kaso mafi tsoka ya tsaya a hannun mai riƙe da hanya: ɗan kasuwa, ko mai turi, ko kamfanin sadarwa, ko kamfanin talla. An ga kuma cewa girmama suna da ladan mai fasaha yana da tushe a al'adar Bahaushe da addininsa, kuma dokar ƙasa ta tanadi kariya, sai dai sanin ta ya yi ƙaranci. Abin da ake bukata shi ne hanyar halal mai araha, da masu fasaha da ke girmama haƙƙin junansu da na baƙi, da hukumar da ke kare mai aiki kamar yadda take tace aikinsa. Idan aka bar kura tana shan bugu gardi yana kwashe kuɗi, masu basira za su koma wasu sana'o'i, yaran da ake koya wa Hausa a yau kuma za su tashi su tarar da abin karantawa da abin kallo a harshensu ya ƙaranta. Ɗalibin da zai shiga aji gobe yana iya fara nasa gyaran daga abu mai sauƙi: ya sayi littafi na asali, ya kalli fim a tashar mai shi, ya kuma rubuta sunan mawallafi a kan allo duk lokacin da ya ɗauko maganarsa.